Hitar tankin kifi ta mutu ana tsakiyar hunturu, maigida kuma ba ya gari

Saƙon wannan makon daga Jos ya zo, kuma na tsallake waɗanda suka riga shi don ba zai jira ba. Ga abin da baiwar Allah ta rubuto:

"Assalamu alaikum Anti. Maigidana yana da tankin gilashi na kifayen ado a falo, mai cin ruwa lita 100, yana ji da shi kamar me. Ya yi tafiyar mako biyu wajen aiki ya bar min amanarsu. Ranar Asabar na rage ruwan zan sauya kamar yadda ya nuna min, na manta ban cire hitar daga soket ba, sai na ji ƙas, gilashinta ya tsage. Tun daga nan 'yar fitilarta ba ta sake kamawa ba. Ma'aunin zafin da kullum yake kan 26, yau da asuba 19 na gani. Kifayen sun lafe a ƙasa, ba sa cin abinci. Jiya da na tsorata na juye musu rabin tukunyar ruwan zafi, da safe na tarar biyu daga cikin ƙananan masu layin shuɗi sun mutu. Mai shago ya ce sai nan da kwana biyar sabuwa za ta iso daga Legas. Ƙanin maigida ya ce in tsoma hitar da muke dafa ruwan wanka, Hajiyarsu kuma ta ce in hura gawayi a kasko in rufe falon. Ga wuta ba ta tsayawa. Har yanzu ban faɗa masa ba, kullum ya kira sai in ce suna lafiya. Yaya zan yi?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, tashi ki duba ko wayar hitar nan tana jikin soket. In tana nan, kashe ki zare ta, sannan ki ciro hitar ki ajiye inda yara ba za su kai ba. Hitar da gilashinta ya tsage ba ta ɗumama ruwa, amma tana iya sakin lantarki a cikinsa, kuma ke ce mai tsoma hannu. Mutuwar fitilarta ba shaida ba ce cewa babu wuta a jikinta. Daga yau har maigida ya dawo, kada hannunki ya shiga tankin nan sai kin kashe duk abin da ke jone da shi.

To, yanzu ki kwantar da hankalinki. Digiri 19 bai yi wa kifayen nan daɗi ba, amma ba shi ne zai kashe su a dare ɗaya ba. Masu layin shuɗin da kika ambata su ake kira niyon tetira, asalinsu daga ƙoramun yankin Amazon a Kudancin Amurka, kuma yawancin irin kifayen da ake sayarwa na ado daga ƙasashe masu ɗumi suka fito, sun fi jin daɗi tsakanin 24 da 27. Kifi ba ya ƙirƙirar ɗumin jikinsa kamar ni da ke, zafin ruwan da yake ciki shi ne zafin jininsa. In ruwa ya yi sanyi, komai nasa sai ya yi sanyi: motsi, narkewar abinci, har garkuwar jiki. Lafewar da kika ga sun yi a ƙasa ke nan. Masu kiwon tarwaɗa da karfasa sun san haka, duk hunturu kifinsu yakan rage cin abinci, kuma ba sa cewa annoba ce ta shigo.

Abin da kifi ba ya iya ɗauka shi ne sauyi na farat ɗaya. Daga 26 zuwa 19 ruwanki a hankali ya sauka, cikin kwana ɗaya ko biyu, jikinsu yana bi sannu sannu. Rabin tukunyar nan kuwa a daƙiƙa kaɗan ta shiga. Duk ƙaramin kifin da ya yi rashin sa'a yana kusa da inda ruwan ya zuba, ya fita daga sanyi ya faɗa cikin zafi mai ƙuna, sannan ya koma sanyi. Ga shi ruwan da aka tafasa ya riga ya rasa iskar da kifi ke shaƙa, in kuma na famfo ne mai sinadarin kulorin ba a kashe shi ba, wata matsalar ce daban. Ba don in ƙara miki damuwa nake faɗa ba, amma na fi zargin tukunyar a kan sanyin Jos wajen mutuwar biyun nan. Dalilin faɗar shi ne don ki gane cewa a kwana biyar ɗin da ke gabanki, abin tsoron ba sanyin ba ne kawai, har da gaggawar ceto.

Shi ya sa shawarar ƙanin maigida ba ta karɓu ba. Hitar tanki tana da wani abu a cikinta da ke kashe ta da kanta in ruwa ya kai zafin da aka saita, kuma ƙarfinta bai cika wuce wat 100 ba a tanki irin naku. Ta ruwan wanka ba ta san tsayawa ba, aikinta ta tafasa, kuma ƙarfinta yakan kai wat 1,000 ko fiye. A lita 100, mai wat 1,000 tana ƙara digiri ɗaya duk minti bakwai. Ki je kicin ki yi rabin awa wajen miya ki dawo, ruwan ya haura da digiri huɗu ko biyar, wanda ke kusa da ƙarfen kuma ya riga ya dahu. Ban ma kawo maganar jan wuta ba, wanda duk mai amfani da ita a bokiti ya san shi. Tana da amfani a wannan aiki, amma a cikin bokiti, nesa da tankin, zan zo kan haka.

Ta Hajiya kuwa, ki ba ta haƙuri cikin ladabi, amma kada ki yi. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa mutum barci ne ya wuce daga nan. An sha rasa iyali guda ta wannan hanyar a lokacin sanyi, haka ma janareton da aka shigo da shi cikin gida ko aka ajiye a bakin taga. Babu kifin da ya kai ran yaro ɗaya. Ki ce mata an ce hayaƙin yana cutar da kifayen, kuma gaskiya ne, don famfon iskar tankin iskar ɗakin yake zuƙa ya tura cikin ruwa. A kan wannan ma, tunda za ki riƙa rufe falon: kada a fesa maganin sauro ko a kunna na hayaƙi a ciki kwanakin nan, fiya-fiya kuwa ko kusa. Abin da ke kashe sauro yana kashe kifi da ɗan kaɗan. Turaren wuta ma a kai shi ɗaki.

Aikinki na farko ba ƙara zafi ba ne, riƙe wanda ke akwai ne. Ruwa yana da nauyin jiki wajen ɗaukar zafi da wajen sakinsa, shi ya sa randa ke kwana da sanyinta. Lita 100 ba ta hucewa da wuri in an rufa mata asiri. Zafin yana fita ta hanya biyu: ta jikin gilashi, da ta saman ruwa inda yake tashi ya bi iska. A hunturu ta saman ce mai cin mutum, don iskar a bushe take ƙayau, tana zuƙe danshi kamar yadda take busar da wanki cikin awa guda, kuma duk ɗigon da ya tashi da ɗumi yake tafiya. Saboda haka in tankin yana da murfi, rufe shi. In babu, ki shimfiɗa leda mai tsabta ko faifan roba a kai, ki bar 'yar kafa kamar faɗin yatsu biyu a gefe guda don iska.

Sai jikin. Ki nemo farin soson nan mara nauyi da ake tallafe firji ko talabijin da shi a cikin kwali, shi ya fi komai. In babu, kwali ninki biyu ko uku ya isa. Ki manna a baya da gefe biyu, ki ɗaure da salatif, sannan ki lulluɓe duka da bargo mai kauri tun daga magariba, har gaban. Da rana kina iya ɗage gaban ki duba su. Abu biyu za ki kula: kada bargon ya rufe famfon iska ko soket, kuma ki kashe fitilar tankin in za ki lulluɓe, don kada ta yi zafi a ƙarƙashin bargo. Duhu ba ya cutar da su, yana ma kwantar musu da hankali. Ki kuma kula kada gefen bargon ya taɓa ruwan, don zai riƙa tsotsa yana ɗigar da shi ƙasa, ga sauran sabulun wanki a jikinsa.

Kada ki yi yunƙurin jan tankin zuwa wani ɗaki. Ruwan kaɗai kilo 100 ne, ban da tsakuwa da gilashi, kuma tankin da aka ɗaga da ruwa a ciki yakan tsage a mahaɗa. Falon za ki gyara. Tankin da babu hita zafin ɗaki yake bi, don haka duk digirin da kika ƙara wa falon kin ƙara wa kifi. Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200 daga teku, kuma daga Disamba zuwa Janairu sanyin asuba a waje yana sauka ƙasa da na cikin gida sosai, wanda ke nufin duk wata kafa da iska ke shigowa asara ce. Rufe tagogi tun la'asar kafin ɗumin rana ya gudu, sauke labule, toshe ƙasan ƙofa da tsohon zane. Da hantsi ki buɗe labulen ɓangaren da rana ke shigowa ta gasa ɗakin, amma kada haskenta ya sauka kai tsaye a kan gilashin, don zai ɗaga zafin da rana ya sake shi da dare, ga hawa da saukar da muke gudu.

Yanzu ƙara ɗumi, ta hanyar da ba ta da haɗari. Ki samo robar ruwan sha mai lita ɗaya da rabi guda biyu ko uku, ki ɓare takardar jiki, ki ɗauraye da ruwa zalla ba sabulu. Ki ɗumama ruwa a tukunya ko a bokiti da hitar wankan nan, ki sirka har ya zama kina iya tsoma yatsa na ɗan lokaci ki cire, wato wajen digiri 50. Tafasasshe yana lanƙwasa robar, murfin ya saki. Ki cika, ki bar ɗan wuri don ta yi iyo, ki ɗaure murfi tamau, ki ɗebe ruwa kaɗan daga tankin don kada ya malalo, sannan ki sa robobin su yi ta yawo a sama. Ruwan zafin bai haɗu da nasu ba, ɗuminsa kawai ke ratsawa a hankali.

Ga lissafin don kada ki yi zaton abin ba ya aiki. Roba ɗaya mai digiri 50 in ta huce a tanki mai digiri 20, abin da za ta ƙara wa lita 100 bai kai rabin digiri cikakke ba. Biyu su ba ki kusan ɗaya. Kaɗan ne, kuma haka ake so. Kada ki wuce digiri ɗaya a awa. Kada kuma ki sa wa ranki sai kin mayar da shi 26, ba za ki iya riƙe shi a can da roba ba, za ki gaji ki yi barci ya faɗo. Ki nemi 22 ko 23 ki tsaya a nan. Ruwan da ya zauna a 22 dare da rana ya fi musu wanda ke kai 26 da yamma ya wayi gari a 19. Lokacin da ya fi buƙatar ki shi ne daga tsakar dare zuwa fitowar rana: ki sa sababbi kafin ki kwanta, ki cika fulas da ruwan zafi ki ajiye, in kin tashi sallar asuba ki sauya ba sai kin kunna wuta ba. In kin iya farkawa sau ɗaya wajen ƙarfe biyu, ya yi kyau. In ba ki iya ba, bargon zai riƙe miki.

Wata magana a kan ma'aunin: in irin na mannawa a bayan gilashi ne mai canza launi, yana ɗan saurarar iskar ɗaki, ba ruwan kaɗai ba. Na gilashi mai iyo a ciki ya fi gaskiya, kuma ba shi da tsada a shagon kayan kifi. Ki rubuta abin da ya nuna safe, rana da dare a takarda. Ido yana ruɗi in mutum yana cikin fargaba, takarda ba ta yi.

Abinci kuwa, ki daina. Na san zuciyar uwa, ganin ba su ci ba sai ki ƙara barbaɗawa ko za su yi sha'awa. A wannan sanyin cikinsu ba ya narkar da shi, wanda ya nutse kuma ruɓewa yake ya ɓata ruwan. In akwai ragowa a ƙasa ki tsame. Lafiyayyen babban kifi yana yin kwana uku, har fiye, ba ci ba tare da wata illa ba. In ruwan ya zauna a 22 kika ga sun fara zagaye suna tasowa sama in kin matso, ki ba su ɗan abin da za su cinye cikin minti ɗaya, sau ɗaya a wuni biyu. Sauyin ruwa ma ki dakata da shi sai hita ta zo, sai dai in ya gurɓace ko ya fara wari. In hakan ta kama, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma, kuma sabon ya zama zafinsa ɗaya da na ciki, an sa masa maganin kulorin ɗin da maigida ke amfani da shi.

Maganar ɗauke wuta ita ce ta fi ba ni tsoro, fiye da hitar. In wuta ta tafi, matatar ruwa da famfon iska sun tsaya, ga shi kin rufe saman. Kifi yana jure sanyi na kwanaki, rashin iska kuwa awowi ne. Alamarsa ba ta ɓuya: za ki gan su sun taru a sama suna buɗe baki kamar masu haki. In wuta ta wuce awa ɗaya ba ta dawo ba, ki ɗauki kofi ko jug mai tsabta, ki ɗebi ruwan tankin ki tsiyaya shi daga sama kamar mai shayi yana fifita shayi, sau goma zuwa goma sha biyar, ki rufe, ki maimaita bayan awa ɗaya ko biyu. Zai ɗan rage ɗumi, amma ya fi. In kuna da inbata, famfon iska ba ya cin wuta, wat kaɗan ne, ki jona shi. Akwai kuma ƙananan famfunan iska masu batir ko masu aiki da abin cajin waya na tafi da gidanka, ki tambayi mai shagon ko yana da shi a hannu yanzu, wannan ba sai an jira Legas ba watakila.

Soson da ke cikin matatar ma rai ne da shi. Ƙwayoyin halitta masu amfani ne ke zaune a jikinsa, su ke cinye gubar da ke fita daga kashin kifi, kuma su ma iska suke buƙata. In wuta ta daɗe, ki ciro soson ki sake shi cikin tankin ya sha ruwan da kike fifitawa. Kada ki wanke shi da ruwan famfo ko da kin ga ya yi datti, dattin nan ne aikin. In matatar irin ta waje ce mai gwangwani kuma ta kwana a tsaye, ki zubar da ruwan da ya kwanta a cikinta kafin ki kunna.

In duk da wannan kika ga ma'auni ya nufi 17 bai tsaya ba, akwai mafita ta ƙarshe: babbar kular abinci, irin ta biki, wadda aka ɗauraye tas babu maiƙo babu sabulu. Ki cika ta da ruwan tankin, ki kwaso kifayen a hankali, ki sa soson matata da bakin famfon iska, ki ɗora murfi ba tare da kin danne ba, ki kai ɗakin da kuke kwana. Kula tana riƙe zafi fiye da gilashi nesa ba kusa ba. Sai dai ruwan ya ragu, don haka rabin ƙaramar robar ruwan ɗumi ya isa, kuma kamun kansa wahala ne gare su. Ban so ki kai ga nan ba, kuma ina kyautata zaton ba za ki kai ba.

Ranar da sabuwar ta iso, ki duba jikinta kafin ki biya: ta zama ta wuta 220 zuwa 240 irin tamu, ba 110 ta Amurka ba, don waccan tana shiga soket za ta ƙone. Ƙa'idar da masu kiwo ke bi ita ce kusan wat ɗaya ga kowace lita, wato 100 a naku, a sanyin Jos ma 150 ba ta yi yawa ba. Ki nutsar da ita har layin da aka zana, ki bar ta kamar minti ashirin gilashinta ya saba da ruwan, sannan ki kunna. Ki saita ta digiri ɗaya ko biyu sama da abin da ma'auni ke nunawa, ki riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan har ku kai 26 cikin kwana ɗaya ko biyu. Nan gaba in za a rage ruwa, a kashe ta a jira minti goma sha biyar ta huce tukuna. Bayan nan ki sa musu ido na mako biyu. Kifin da sanyi ya taɓa yakan fito da fararen ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jiki da duwatsu. Cuta ce sananniya mai magani a shagon kifi, tana jin magani in an kama ta da wuri, sai dai tetira ba su da juriyar magani mai ƙarfi, a bi abin da aka rubuta a kwalbar game da su.

Saura maigida. Ƙanwata, ki kira shi yau. Na fahimci abin da ya hana ki: amana ya bar miki, kuskuren kuma daga hannunki ya fito, kina so ki gyara kafin ya ji. Amma ki duba, ƙaninsa ya sani, Hajiya ta sani. Labarin da mutum uku suka sani a gida ɗaya ba zai jira mako biyu ba, kuma in ya ji daga bakin wani, ba hitar zai riƙe a rai ba, "suna lafiya" ɗin da kike ce masa kullum zai riƙe. Tsagewar hita a wajen sauya ruwa kuskure ne da masu kiwon kifi da yawa suka taɓa yi, da wuya a ce shi bai san haka ba. Sannan akwai amfani a kiran: mai irin wannan sha'awa yakan san wasu masu ita a gari, wani yana da tsohuwar hita a ajiye da zai ara miki yau da yamma, ko ma shi kansa yana da wata a cikin kwalin kayan tankin da ba ki buɗe ba. Shi ne kuma ya san ainihin irin kifayen da ke ciki, ko akwai wanda ya fi sauran rashin jure sanyi.

Ba sai kin yi doguwar shimfiɗa ba. Ki gaishe shi, ki ce akwai abin da ya faru ranar Asabar da tsoro ya hana ki faɗa, ki faɗi yadda ya faru har da tukunyar da biyun da suka mutu, ki ba shi haƙuri a kan ɓoyewar, sannan ki karanta masa abin da ma'auni ya nuna a takardarki da abin da kika riga kika yi. Ki fara naɗe tankin da sa robobin kafin ki kira, don in ya ce ki nuna masa ta bidiyo ya ga bargo a kai. In hitar ta iso, ki rubuto min nawa suka rage.